Garin Neman Ƙiba: Abin Da Ke Sa Mota Ta Ƙi Tashi Bayan An Sha Mai

Yau maganar mota na zo muku da ita. Na san wani zai ce me ya haɗa ɗan kara da aikin kanikawa. To, ai kowa ya san cinikin shanu ba ya jiran mai latti. Motar da ta zaunar da kai awa ɗaya a gidan mai tana iya raba ka da garken da ka yi wata kana bi. Ni ta yi mini, kuma sai da na ɓarnatar da kuɗi kafin na gane laifin daga hannuna ya fito.

Ni dai a lokacin a Kalakla nake zaune, kudu da Khartum, kan hanyar Jabal Auliya, a gefen Farin Nilu. Kasuwarmu kuwa tana can ƙetaren ruwa, wato Muwailih da ke yamma da Umdurman, inda shanun Nyala da na Da'en da na ƙasar Kurdufan suke sauka kafin yaƙi. Wanda ke Kalakla in yana son ya riski ciniki, sai ya yi sammako ya haye gadar Fitihab tun cunkoso bai kankama ba.

Akwai hali ɗaya da wahala ta koya mana a nan. Tun da Sudan ta Kudu ta ɓalle a 2011 ta tafi da kusan kashi uku cikin huɗu na man ƙasar, mai ya daina zama abin da ake samu a huce. A 2018 mun kwana a layi, mun wuni a layi. Daga nan kowa ya ɗauki ɗabi'ar in ka samu famfo, ka cika har wuya. Famfo ya tsaya da kansa, ka ce wa yaro ya ƙara. A girgiza motar, a sake ƙarawa, sai ka ga mai da idonka a bakin tanki kafin hankalinka ya kwanta. Na san mutanen Maigatari da Illela da Mubi ma ba baƙon abu ba ne wannan a wurinsu.

Ranar da na rasa bijimai 12

A 2022 ne, ana saura kamar mako biyu Babbar Salla. Wani falke daga Nyala ya sauke bijimai 12 masu kyau, muka yi magana da yamma a gaban damin, wato mai tsaya wa baƙo a kasuwa, a kan zan kawo kuɗi washegari kafin hantsi. Da asuba na ɗauki ɗan ƙanena da jakar kuɗi a ƙaramar motata mai shan fetur, muka biya wani gidan mai a hanya. Aka cika, aka girgiza, aka ƙara kamar yadda muka saba.

Na murɗa makulli, kik yana juyawa garau, inji ya ƙi kamawa. Na sake, ta yi tari sau biyu ta mutu. Warin fetur ya cika motar. Na baya suna ta oda, yaran gidan mai suka taya mu tura ta gefe. Yaron ya ce, "Baffa, ko batir ne?" Na ce ina na sani. Muka yi kusan awa ɗaya a nan, sannan ta tashi da kyar tana karkarwa, salansa tana fitar da baƙin hayaƙi. Kafin mu kai gada hanya ta toshe. Da muka isa Muwailih rana ta take, mai shanu ya gaji da jira ya sallama wa wani. Ban ga laifinsa ba, shi ma da bashi a kansa ya zo.

Abin haushin shi ne, duk sauran wunin motar lafiya lau. Ka kashe ta, ka tashe ta, bugu ɗaya. Sai ranar da na koma shan mai ta sake yi.

Daga nan na shiga hannun masu canka. Na farko ya ce batir, na saya. Na biyu ya ce fulogi, aka canja. Na uku ya ce famfon mai na cikin tanki ya gaji, aka sauke tanki aka sa sabo. Wani abokina ma cewa ya yi bakin mutane ne, tun da an san da kuɗi na fito, in nemi hayaƙi. In an haɗa abin da na kashe, ya isa sayen maraƙi, kuma cutar tana nan.

Tambayoyin tsohon bakanike

Wani direban tirela ne ya kai ni wurin wani dattijo da ke da rumfa ta wajen Kalakla Laffa, Bahaushe ne mutumin Mai Wurno. A nan ƙasar usta ake ce wa gwanin sana'a. Bai ko ɗaga bonet ba, sai ya ba ni benci ya ce, "Alhaji, in aka kawo maka saniya ba lafiya, allura kake fara yi mata ko tambaya?" Na ce tambaya: me ta ci, ina ta sha ruwa, yaushe abin ya fara. Ya ce, "To, haka mota take. Amsa mini huɗu."

Ta farko, in na murɗa makulli, kik yana juyawa da ƙarfi ko yana ja da kyar? Na ce da ƙarfi. Ya ce to batir ba ruwansa, don batirin da ya mutu ko kansa ya kama tsatsa, ƙas-ƙas kawai za ka ji, ko juyi a sanyaye. Ta biyu, in na tsaya sallah ko shan shayi na minti goma ban sha mai ba, tana ƙin tashi? Na ce a'a. Ya ce to ba zafin inji ba ne. Ta uku, a bakin famfo take ƙi nan take, ko sai ta tashi ta yi 'yar tafiya sannan ta fara shaƙewa? Na ce nan take. Ya ce to ba ruwa ba ne a cikin man. Ta huɗu, yaya nake shan mai? Da na gaya masa girgizar da muke yi, sai ya yi dariya ya ce, "Alhaji, kai ka ba ta ciwon kumburi."

Sannan ya buɗe bonet, ya cire wani ɗan ƙaramin abu na roba mai tiyo biyu da waya, bai kai tafin hannu ba. Ya sa masa tiyo mai tsabta ya hura, iska ta wuce zar. Ya buga shi a tafinsa, sai ga ƙwayoyi baƙaƙe kamar gero suna zubowa. Ya ce wannan gawayi ne.

Ga bayanin da ya yi mini, wanda daga baya na tabbatar a wurin wasu masana. Fetur abu ne mai tururi, balle a zafin Khartum da kan wuce digiri 40 a watannin Mayu da Yuni. Motocin fetur na zamanin nan ba sa sakin wannan tururi a iska. Akwai siririn tiyo da ke ɗauke shi daga saman tanki zuwa wani gwangwani cike da gawayi, gawayin ya shanye shi ya ajiye. Tsakanin gwangwanin da bakin inji akwai wannan ɗan bawul, wanda masu sayar da kayan mota suke kira paj bawul. Ƙa'idarsa ya zauna a rufe. Sai inji ya tashi ya yi ɗumi, sannan kwamfutar motar ta riƙa buɗe shi kaɗan-kaɗan, inji ya zuƙi tururin ya ƙona.

To, in ka cika tanki fiye da inda famfo ya tsaya, ka cinye gurbin da aka bar wa tururi. Rana ta buga, man ya kumbura, ruwan fetur kansa ya bi tiyon nan ya faɗa cikin gawayi. Gawayin da aka yi don tururi in ya jiƙe sai ya lalace, ƙwayoyinsa su bi tiyo su maƙale a bakin bawul, ya kasa rufuwa. Daga ranar, duk sanda ake zuba mai, man da ke shiga yana tura tururin da ke cikin tanki, tururin ya sami ƙofa a buɗe ya cika hanyar iskar inji. Inji kuwa da awo yake ci: kusan kilo 15 na iska ga kilo ɗaya na fetur. In fetur ya rinjayi iska, wutar fulogi ba ta iya kunna shi. Motar ta ƙware ke nan, kamar maraƙin da aka ɗura wa ruwa da gaggawa.

Aka sa sabon bawul, kuɗinsa bai kai na ɗan akuya ba. Gwangwanin ma ya ce a canja, don in aka bar tsohon zai sake turo gawayi ya kashe sabon bawul. Tun daga ranar ba ta ƙara yi ba.

Yadda za ka gwada da kanka

Wanda motarsa ta fetur ce mai injekta, kuma alamun sun yi daidai da nawa, ga abin yi. In ta ƙi a gidan mai, ka taka totur har ƙasa ka riƙe, sannan ka murɗa makulli. A yawancin motocin nan, yin haka yana sa kwamfuta ta tsayar da feshin mai, iska zalla ta shiga ta share tururin. Da ta kama sai ka sassauta ƙafa. Kada ka riƙe makulli fiye da daƙiƙa 10 zuwa 15 a bugu ɗaya, ka bar kik ya huce kafin ka sake, in ba haka ba ka ƙone shi ka ƙara wa kanka aiki.

Don tabbatarwa kuma, da safe inji na sanyi, ka tashe ta, ka zare wayar bawul ɗin, ka cire tiyon da ya fito daga gwangwani, ka ɗora yatsa a bakin bawul. In ka ji yana zuƙar yatsarka, a buɗe yake, ya mutu. In fitilar nan mai hoton inji ta kama a gaban direba, mai na'urar karanta laifin mota zai iya ganin lamba irin P0441 ko P0496, duk wannan hanyar suke nunawa. Ka duba murfin tanki ma, robar bakinsa in ta tsage ta kan kunna fitilar.

In kuwa motar tana ƙin tashi duk sanda ka tsaya da zafin inji, ko ka sha mai ko ba ka sha ba, to wani ciwo ne dabam. A tsofaffin motoci masu kafireto irin su Peugeot 504, zafin inji ne ke tafasa man da ke cikin kafireto bayan an kashe. Ka ɗaga bonet ta sha iska, ka taka totur rabi ba tare da famfatawa ba. A masu injekta kuwa, ko injekta ce ke ɗiga, ko famfon mai ya daina riƙe ƙarfinsa. Ka murɗa makulli fitilu su kama ba tare da ka buga kik ba, ka jira daƙiƙa uku, ka kashe, ka yi haka sau uku. In bayan nan ta tashi bugu ɗaya, laifin yana wajen famfo.

In man ne ba shi da kyau

Wannan shi ya fi samun masu bin iyaka, tun da rabin man da muke sha daga jarkar 'yan bumburutu yake fitowa. Alamarsa ita ce motar ta tashi lafiya, don man da ke cikin tiyo da filta na jiya ne. Sai an ɗan taɓa tafiya ta fara tari, tana fizga, ƙarfi ya ragu a hawa. Ruwa ya fi mai nauyi, lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, ta fetur kuwa kamar kashi uku cikin huɗu na kilo. Saboda haka ruwa a gindin tanki yake kwanciya, daidai inda famfo ke zuƙa. Sabon mai in ya sauko da ƙarfi kuma yana tayar da laka da tsatsar da suka daɗe a kwance, su toshe filta.

Gwajinsa ba kuɗi. Ka riƙa yawo da kwalbar gilashi fara. Kafin a juye maka jarka, ka karkata ta a zuba kaɗan a kwalba, ka ajiye minti biyar. In da ruwa za ka ga ya ware a ƙasa, in da datti za ka gan shi. Na gindin jarka kuma kada ka yarda a juye maka shi duka. Ka sa ƙyalle mai tsabta a bakin mazurari, balle lokacin habub, guguwar ƙurar nan ta Khartum. In ka tarar tankar mai tana sauke kaya a gidan mai, ka wuce ko ka jira, don a lokacin ne dattin rijiyarsu yake tashi. Kada a ɗauka a jarka kaɗai ake samun gurɓataccen mai. A Fabrairun 2022 hukumomin Nijeriya da kansu sun amsa cewa an shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol, motoci da yawa suka lalace, kuma a famfo aka sayar da shi.

Masu gas, ku ma ga naku

Motocin gas, wato su tirela da yawancin Hilux da Land Cruiser da muke shiga daji da su, ba su da bawul ɗin da na ambata. Abokan gabarsu uku ne: iska, ruwa da datti. Direban da ya bari tanki ya ƙafe kafin ya sha mai ya riga ya shigar da iska cikin tiyo, ko ya cika tanki ba za ta tashi ba sai an fitar da ita. A kan filta akwai ɗan famfon hannu, a yi ta danna shi har ya yi tauri. A gindin filta kuma akwai maɓallin zubar da ruwa, a sassauta shi a tara kwalba har gas zalla ya fara fitowa. In fitilar ruwa ta kama, a tsaya a zubar nan take. Filta ɗaya ta ajiya da sifanar cire ta kada su bar motar da ke ɗauke da dabbobi. Ku tuna shanu 30 a cunkushe cikin tirelar da ta mutu da tsakar rana ba sa iya jiran a je gari a dawo.

Sai kuma a kula da suna, don harshe yana canjawa da iyaka. Abin da Kano ke kira gas, Maraɗi gazuwal take cewa, Umdurman kuma jaz. Fetur a Sudan banzin ne, a bakin masu Faransanci esans, kuma abin da su suke kira petirol kananzir ne. A famfo bakin tiyon gas ya fi kauri, ba ya shiga tankin ƙaramar motar fetur, amma mazurari ba ya tambaya. Ka sansana da hancinka kafin a zuba. In kuskure ya riga ya faru aka sa fetur a motar gas, kada a ko murɗa makulli, a ja ta a zubar da tankin. Famfon injin gas da santsin gas ɗin yake aiki, fetur kuwa wanke santsin yake yi, kuma kuɗin wannan famfo ya fi na sa.

Inda gyaran ya yi mini rana

Ranar 15 ga Afrilun 2023 yaƙi ya ɓarke a Khartum. Da zama ya gagara a Kalakla, a wannan motar na kwashi iyali muka bi ta Jabal Auliya muka nufi Kosti. Gidajen mai a rufe, man da muka sha a hanya duk na jarka ne, lita kaɗan a nan, kaɗan a can, a wuraren da ba wanda ke son ya daɗe a tsaye. Duk sanda na murɗa makulli ta tashi, sai in tuna dattijon nan da ƙwayoyin gawayi a tafinsa. Da cutar tana nan, ban san yadda za mu yi da yara a bayan mota ba. Allah Ya saka masa da alheri duk inda yake.

Sojoji sun karɓe matatar mai ta Jaili a Janairun 2025 bayan gobara ta yi mata ɓarna, suka kuma karɓe Khartum a watan Maris na shekarar. Ga 'yan'uwa da suka koma suka tarar da motarsu ta tsira a gida bayan doguwar ajiya, shawarata kada a zuba sabon mai a kan tsoho. Fetur in ya shekara a tanki yana lalacewa ya yi danƙo, tankin da ba a cike ba kuma yana tara raɓa da tsatsa. A sauke tanki a wanke, a canja filta, sannan a tashe ta. Gidan man da ya daɗe a rufe shi ma a gwada mansa a kwalba tukuna.

A ƙarshe, abin da nake roƙon kowane mai mota da kowane direba shi ne, in famfo ya tsaya da kansa, a tsaya. Litar da kake nema da girgiza ba ta kai ka ko'ina, in kana tsoron hanya ka cika jarkar ƙarfe ka ɗaure ta a inuwa, nesa da wuta. In mota ta kawo ciwo kuma, ka lura da lokacin da take yin sa kafin ka buɗe aljihu, kuma bakaniken da ya ce ka sayo kaya tun bai yi maka tambaya ko ɗaya ba, ka yi masa sallama ka nemi wani.

Allah Ya kiyaye hanya, Ya sa albarka a kasuwa, Ya zaunar da ƙasashenmu lafiya, amin.